Fim ɗin da masu shi suka goge, aka tsinto shi a Jos

An ce in yi magana kan ajiyar tarihin Damargu, amma da wani fim na Turawa zan fara. Na ga Baba Maigari ya ɗago kai. Baba, a yi mini haƙuri, yanzu zan dawo gida.

Shekaranjiya da dare, nan Falanko, na sake kallon wani tsohon shiri a wayata. Doctor Who ne sunansa, BBC ta fara nuna shi a Ingila a 1963. Labarin wani dattijo ne mai wata na'ura da ke kai shi jiya ko gobe, yadda mota ke kai mu Tanut. Wanda na kalla shi ne kashin farko na labarin da suka kira The Enemy of the World, wato maƙiyin duniya, na ƙarshen 1967, hotonsa baƙi da fari. Farkon ganina da shi a Kano ne, ina ɗalibi, kuma dariya kawai na sha, don kayan aikinsu duk sun tsufa.

Wannan karon ban yi dariya ba. Masu shirin sun ƙaddara labarin a shekarar 2018, goben da su ke hange, mu kuwa har mun wuce ta. A ciki akwai wani mutum, Salamander, da ya ƙera na'urar tara hasken rana, gonaki suka yi albarka, duniya ta ɗauke shi mai cetonta daga yunwa. Ashe shi ne ke haddasa girgizar ƙasa da aman wuta a ɓoye, don ya tara mulki a hannunsa. Har wasu mutane ya kulle a ƙarƙashin ƙasa, yana ce musu yaƙi ya cinye duniyar sama. To jama'a, wanda ya ga 1973 da 1974, ya ga 1984, ya ga 2005, ai ba sai an fassara masa yadda buhun hatsi ke zama igiya a wuyan talaka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda fim ɗin ya iso hannuna. BBC da kanta ta goge shi. A wancan zamani faifan ɗaukar hoto tsada gare shi, in an nuna shiri sai a share a ɗora wani. Amma kafin nan sukan kwafe shi a kan fim su sayar wa gidajen tele na wasu ƙasashe, har da Najeriya. A 2013 wani Bature mai suna Philip Morris, mai yawon neman irin waɗannan kaya, ya tarar da gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar tele a Jos. Kashi 9 da aka fid da rai da su suka koma Ingila, 97 suka rage ba a san inda suke ba. Masu kuɗi da injuna sun zubar, ɗakin ajiya a ƙasar Filato ya riƙe musu sama da shekara talatin.

Yanzu na dawo gida, Baba. Kakana ya yi azalai da raƙuma, ya san rijiyoyin da ke tsakanin nan da Agadas ɗaya bayan ɗaya, ya san wa ya ba wa hatsi shekarar yunwa, wa ya hana. Wani gidan rediyo, ba zan kama suna ba, ya ɗauki hirarsa, kaset biyu cur. Bayan rasuwarsa na je neman su. Aka buɗe mini kwali, ruwan sama ya shiga, gara ta ci takardun, kaset ɗaya kuma an ɗora kiɗan biki a kansa. Na yi fushi a ranar, amma fushin bai daɗe ba, don ni ma da nake jikansa ban taɓa cewa a kwafa mini ba.

Akwai cibiyar CELHTO a Yamai, tun 1968 take tara tarihin baka, kuma aikinta abin yabo ne. Sai dai Yamai da nisa, tsofaffinmu kuma ba za su jira mota ta zo daga can ba. Fim ɗin nan ya tsira ne don ba wuri ɗaya aka ajiye shi ba, haka mu ma za mu yi. Duk mai tsohon kaset a ƙarƙashin gado, na wa'azi ne, na waƙar noma, na saƙon ɗan ci-rani daga Libiya, ya kawo shi ranar kasuwa mai zuwa. Za mu juye shi a kwamfuta, mu mayar wa mai shi da abinsa, a kai kwafi ɗaya Tanut, ɗaya Belbeji, ɗaya Damagaram. Maganar da iyali ba su yarda a ji ba, ba za ta fita ba.

Ku kuma samari da ƴan mata masu waya, kowa ya zauna da kakarsa ko da awa ɗaya ce a satin nan. Ku fara da faɗin sunanta da kwanan wata kafin ta soma magana, kuma ku matsa nesa da injin niƙa.