Gidajen Tarihin Kwastan da Haraji: Abin Koyi Gare Mu

 

Na san wasunku sun yi murmushi da suka ji kan jawabina. Wa zai bar aikinsa ya tafi kallon kayan mai karɓar haraji, mutumin da kowa ke gudu? Ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

A ƙasashen Turai akwai gidajen tarihi da aka keɓe wa kwastan da haraji kaɗai. Na birnin Rotadam a ƙasar Holan, wani shehun malami mai suna Van der Poel ne ya kafa shi a 1937. Ya ƙone a watan Mayu na 1940, sa'ad da jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, amma aka sāke tara kaya aka tsai da shi. Na Faransa an buɗe shi a birnin Bordo a 1984, cikin wani gini na ƙarni na 18, inda 'yan kwangilar karɓa wa sarki haraji suke zama a dā. Na Jamus kuwa an buɗe shi a 1992 cikin tsohon ofishin kwastan na tashar jiragen ruwan Hambag. Mutanen Suwizalan su kuma sun mai da wani tsohon barikin masu tsaron iyaka, a bakin tafkin Lugano, gidan tarihi, kuma yawancin baƙi cikin jirgin ruwa suke isa wurin.

To, me ake nunawa? Akwai ma'aunai da sikeli, da hatimai, da kakin ma'aikata, da littattafan lissafi. Akwai kuma dabarun 'yan fasa ƙwauri: akwati mai ciki biyu, takalmi mai ɓoyayyen aljihu, jabun kaya, da hauren giwa da aka kama. Abin lura shi ne, ba ma'aikaci kaɗai ake nunawa ba, har da talakan da ya biya, da wanda yunwa ta tura shi ƙetare dutse da buhu a baya cikin dare. Bafaranshe da ya ga tarihin harajin gishiri zai gane ɗaya daga cikin abubuwan da suka harzuƙa kakanninsa kafin juyin juya halin 1789.

Saboda haka waɗannan gidaje ba ma'ajin tsummoki ba ne. Makarantu sukan kai yara, su ga yadda kuɗin hanya da asibiti ke taruwa, su yi tambaya. Yaron da aka koya wa tambayar inda haraji ya fito, lalle in ya girma zai tambayi inda ya tafi. Wannan ita ce ribar da nake kwaɗayi.

Mu ma muna da tarihin da ya isa nuni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. A Kano an karɓi kuɗin ƙasa daga manoma, da kuɗin karofi daga marina. Turawa suka zo suka ɗora mulkinsu bisa haraji da baitulmalin En'e. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Amma ina shaidun wannan doguwar tafiya suke? Kakana ya ajiye rasit-rasit ɗinsa na haraji cikin wani gwangwani shekara da shekaru, domin a zamaninsu wanda aka tare a hanya ba takarda ya shiga uku. Bayan rasuwarsa muka buɗe, muka tarar gara ta cinye fiye da rabi. Haka tarihin talakawa ke salwanta gida-gida, alhali muna nan muna haddace na wasu.

Bisa ga haka ina kawo wa ƙungiyarmu shawara guda uku. Na farko, kowa in ya je hutu ya nemo tsofaffin rasit na haraji da na jangali, da takardun kuɗin fito, da izinin masu su. Na biyu, mu ɗauki muryoyin dagatai da makiyaya da fatake da tsofaffin ma'aikatan kwastan, kowa ya faɗi nasa, kada mu zaɓi mai daɗi mu bar mai ɗaci. Na uku, mu shirya nuni a zauren taro ran 26 ga Janairu, watau ranar kwastan ta duniya, mu gayyaci mutanen gari, musamman waɗanda suka ba mu aron kayansu.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu gobe mu ne za mu riƙe biro da hatimi a ofisoshin kuɗi. Gara mu ga hawayen da ke bayan rasit tun kafin a miƙa mana littafin. Hausawa sun ce gani ya kori ji.