Makarantar Ikilisiya a Kudancin Kogin Kaduna: Sujada da Kiwon Yara



A shekarar 1940 sistocin Our Lady of Apostles suka buɗe wa 'yan mata makarantar Queen of Apostles a Kakuri. A lokacin ba a kafa masaƙa ko ɗaya a unguwar ba, domin sai a 1957 Kaduna Textiles ta fara aiki. Bayan yaƙin basasa, a farkon shekarun 1970, gwamnati ta karɓe makarantun mishan, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, St. John's da ke ƙetaren kogi ta koma Kwalejin Rimi. Har yau abin yana yi wa dattawanmu ciwo, kuma ba na ganin laifinsu. Amma ku saurari tsofaffin ɗaliban makarantun mishan idan suna tuna baya. Da wuya ku ji sun ambaci gini. Mutane suke ambata: malamar da ta lura yarinya ba ta ci abinci ba, malamin da ya taka har gida don ya ji dalilin da yaro bai dawo daga hutu ba. Wannan kulawa ba ta cikin kayan da gwamnati ta karɓe. Idan ta ɓace a makarantunmu na yau, mu muka yar da ita.

Yanzu da wuya ka sami babbar majami'a a Sabon Tasha, Narayi, Barnawa, Television, Unguwar Romi ko Gonin Gora wadda ba ta da makaranta a harabarta. Katolika na da nasu, Anglika da ECWA da Baftis haka. Su wane ne ke zaune a kan bencin? Jikokin ma'aikatan masaƙa ne, waɗanda gidajensu ba su farfaɗo ba tun da masaƙun suka durƙushe, har masaƙar UNTL ta rufe ƙofa a 2007. 'Ya'yan waɗanda suka kwashe kaya suka haye kogi ne bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002. Wasu kuma kwanan nan iyayensu suka baro gonakinsu a Kajuru da ƙauyukan Chikun saboda 'yan bindiga. Yaron da ya fito daga irin waɗannan gidaje yakan shigo aji da kaya a zuciya wanda ya fi na jakarsa nauyi.

Ina ƙaunar sujadar safe, kuma ba zan yarda a rage mata daraja ba. Ɗan Gbagyi da ɗan Bajju da ɗan Adara da ɗan Ibo su tsaya layi ɗaya su ɗaga murya ɗaya ga Ubangiji, wannan alheri ne babba. Roƙona shi ne a bar yara su yi waƙa da Hausa da harsunan iyayensu. Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, da shi kakanninmu suka san Almasihu, don haka ban ga dalilin da makarantar ikilisiya za ta ci yaro tara don ya yi magana da harshen da uwarsa ke yi masa addu'a da shi ba. A kuma bar ɗalibai su karanta nassi, su ja addu'a da kansu. Abin da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta gane ke nan tun da aka kafa ta a Gindiri a 1957.

Ga inda zuciyata ke ɓaci. An gama waƙa, an yi wa'azi a kan makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya guda, an ce amin. Nan take sai a ɗauko takarda a fara kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba, a fito da su gaban jama'a, a kore su gida. Iyayena, wane wa'azi yaron nan zai riƙe, na baki ko na takarda? Ba shi ya ci bashin ba. Ba shi ya rufe masaƙa ba. Amma shi aka kunyata a gaban tsararsa, a wurin da aka ambaci sunan Yesu minti biyar da suka wuce. Yara da yawa sun fara nisa da majami'a daga irin wannan safiya, mu kuwa muna ta neman dalili a wayar hannu da miyagun abokai.

Na san makaranta ba ta tafiya da addu'a kaɗai. Gwamnati ba ta biyan malamanmu, alli da takarda da man janareta duk kuɗi ne. To, maganar bashi a yi ta da iyaye, a ofis, a rufe ƙofa. Ikilisiyar da ta mallaki makarantar ta ware baikon Lahadi ɗaya a kowane zangon karatu domin marayu da 'ya'yan gwauraye, dattawa su riƙe lissafin a fili. Kuma a biya malami albashinsa a kan lokaci. Yakubu ya yi kashedi mai zafi a sura ta 5 ta wasiƙarsa a kan danne hakkin ma'aikaci, bai kuma cire masu makaranta ba. Malamin da ke bin bashin wata uku, shi ne wanda za a iya saya ranar jarrabawar WAEC ko NECO. Makarantar da ta buɗe zauren jarrabawa da addu'a sannan ta rubuta amsa a allo ta koya wa yara cewa Allah abokin maguɗi ne.

Sai tsoro. Ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi a Ƙaramar Hukumar Chikun, suka tafi da ɗalibai 121. Kashin farko na yara 28 sun dawo bayan kusan mako uku, sauran kuma daki-daki, na ƙarshe sai a Nuwamban 2023. Kafin nan, a Janairun 2020, an sace ɗalibai huɗu a makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke Kakau, aka kashe ɗaya. Duk yaron da ke kudancin kogin nan ya ji waɗannan labarai, wasu kuwa yayyensu ne abin ya shafa.

Tsoron yaro ba ya fitowa da kalma. Yakan fito da fitsarin kwance, da firgita idan babur ya yi ƙara, da barci a aji saboda dare ya gagara, da shirun yarinyar da a da ba a iya rufe mata baki. Malamin da bai sani ba sai ya ɗauki bulala. Wani kuma sai ya ce aljanu ne, a tara jama'a a yi ta ihu a kan yaron da ihu ne ya fara razana shi. A yi masa addu'a, ƙwarai kuwa, a hankali, da izininsa. Sannan a tuna cewa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, a bakin ƙofarmu. Kai yaro wurin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Haka nan idan yarinya ta buɗe baki ta ce wani babba ya taɓa ta, malami ne ko ɗan dattijon ikilisiya, ita za a kāre, a sanar da iyaye da hukuma. Rufe irin wannan magana don kada sunan ikilisiya ya ɓaci zunubi ne a kan zunubi.

Akwai kuma yaron Musulmi. Har yanzu akwai Musulmi a Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, kuma wasunsu suna kawo mana 'ya'yansu. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikilisiya 'yancin koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da take ɗauke da nauyinta, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi shiga ibadar da ba tasa ba. Tun ranar ɗaukar yaro a gaya wa iyayensa gaskiyar yadda makarantar take, kada a ɓoye giciye don a sami kuɗi, kada kuma a yi wa yaro tarko. A wannan gari da kogi ya raba, ɗan Kiristan da ya zauna benci ɗaya da Musa ko Aisha har shekara shida ya sami abin da yawancin tsararsa suka rasa.

Abin da nake roƙon kwamitocin makarantu kafin zangon da ke tafe ba shi da tsada. Kowace makaranta ta naɗa mai kiwon ɗalibai, namiji da mace, a rage musu darussa domin su sami lokacin sauraro, a ba su horo, a ba su ɗaki mai taga wanda ake gani daga waje amma ba a jin magana. Duk yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, wani daga makarantar ya je gidansu ya gaishe su.

Allah ya ba mu ikon yi.