IN MOTA TA YI ZAFI KO TA YI ƘARA, A TSAYA

Jawabin yau a kan tsohuwar mota yake, irin mai zuwa ƙauye ran kasuwa. Ita ke ɗaukar hatsi da bisashe. Ita ke kai mai naƙuda likita. In ta mutu cikin daji, kowa ya shiga wahala.

Inji ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi. Gargaɗinsa iri biyu ne: zafi da ƙara.

ZAFI

Cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a Maradi da Tawa da Damagaram. Inji kuwa yana aiki daidai wajen digiri 80 zuwa 90. Ruwan lagireto, wadda wasu ke ce wa radiyater, shi ke sanyaya shi. In allurar zafi ta hau ja, ko tururi ya fito daga gaban mota, ga abin da direba zai bincika:

1. Ruwa ya ragu. A duba ƙarƙashin mota. Wataƙila tiyo ya tsage, ko lagireto na yoyo.
2. Igiyar roba mai juya fanka da famfon ruwa, wato fambel, ta saki ko ta tsinke.
3. Ƙura da ciyawa da ƙwari sun toshe fuskar lagireto, iska ba ta wucewa.
4. Ruwan tabki mai laka, ko ruwa mai kanwa, ya toshe ta daga ciki.
5. Kaya sun yi yawa, ga rairayi, kamar na hanyoyin ƙauyukan Dakoro, Tanut da Abalak.

Direba ya tsaya, ya kashe inji, ya jira aƙalla rabin awa. Kada ya buɗe marfin lagireto da zafinta. Tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙone masa fuska da hannu. Kada kuma ya zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, don kan inji yana iya tsagewa.

In baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara, kuma farin hayaƙi na fita baya ba ya yankewa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Wannan aikin garaji ne.

ƘARA

Ƙara iri uku ce.

Ta farko tana kama da tsakuwa cikin gwangwani. Ana jin ta in mota na hawan tudu da kaya. Abin da ke kawo ta: fetur maras kyau, kamar wanda aka gauraya da kananzir, ko zafin inji, ko wutar inji da ba a daidaita ba. Direba ya sauko ƙaramar giya, ya sassauta ƙafa. Daga baya ya ga makanike. In aka ƙyale ta, tana iya huda fistan.

Ta biyu ƴar ƙarama ce, kamar bugun agogo, daga saman inji. A auna baƙin mai. In yana nan daidai, a tafi a hankali har garaji.

Ta uku ita ce mai haɗari. Tana fitowa daga ƙasan inji, mai nauyi, kamar taɓarya cikin turmi. In an taka mai, sai ta ƙaru. Sau da yawa jar fitilar baƙin mai tana kamawa. Ƙarafa ne ke cin juna don mai bai isa gare su ba. A kashe inji nan take, a nemi mai jan mota. Tafiya kaɗan a haka tana iya fasa inji duka.

KOWACE SAFIYA

Kafin a tada mota, direba ko yaronsa ya duba ruwa, ya ja sandar awon baƙin mai, ya taɓa fambel. Ya ɗauki jarkar ruwa mai tsabta da fambel na ajiya. Ya yi juyen mai kan lokaci, domin ƙura na saurin ɓata shi.

GA FASINJOJI

Wani lokaci direba na son tsayawa, amma fasinjoji su matsa masa don kasuwa za ta watse. Wannan kuskure ne. Jiran rabin awa a gindin itace ya fi kwana cikin daji. Kuɗin fambel kaɗan ne. Kuɗin wani inji kuwa yana iya cinye amfanin gonar shekara. In motar ta tsaya wata da watanni, wa zai kai maras lafiya likita?

Injin niƙa da injin ban ruwa na lambu su ma haka suke gargaɗi. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direban garinsu. Allah shi kiyaye hanya.