Sayen Hedifon Mai Kyau da Kuɗi Kaɗan

Hedifon na jin waƙa a gida ba sai mai tsada ba. Da farko, ga mai ƙaramin ƙarfi, mai igiya ya fi. Kuɗin da batir da Bluetooth za su ci, sai ya tafi ga ingancin sauti. Sannan a duba bayansa. Rufaffe yana tare hayaniyar gida. Buɗaɗɗe ya fi sakin sauti, amma na kusa zai ji. Sai gwaji, kuma gwajin shi ne babba. Mai saye ya kunna waƙar da ya sani sarai. Idan ganga ta danne muryar mawaƙi, a ajiye shi, komai kyan kwalinsa. A ƙarshe, a nemi mai igiyar da ake cirewa a sauya, domin daga igiya lalacewa ta fi farawa.