Jiya da Yau a Turanci

Mun iya karatu da rubutu da Hausa. Yanzu waɗansunmu suna so su taɓa Turanci kaɗan, saboda wasiƙa da rasidi da zuwa asibiti. To, yau za mu duba yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce da Turanci.

Mu fara da harshenmu. Mukan ce ina biya, na biya, zan biya. Ku lura, kalmar biya ba ta sake ba. 'Yar kalmar da ta zo kafinta ita ke nuna lokaci. Turanci ba haka yake ba. Fi'ilin kansa, watau kalmar aiki, shi ke sake kama.

Yawancin fi'ilai ana ƙara musu ed a ƙarshe. Work, watau yin aiki, ya zama worked. Plant, watau shuka, ya zama planted. Amma waɗansu ba su bin wannan hanya, su ne kuwa muke bukata kullum a kasuwa. Go ya zama went, buy ya zama bought, sell ya zama sold, pay ya zama paid. Waɗannan sai hadda.

Ga abu na biyu. Na biya iri biyu ne a Turanci: I paid da I have paid. Wanne za mu ɗauka? In mun ambaci lokacin, kamar jiya ko bara, sai mu ce I paid yesterday, I paid last year. In ba mu ambata ba, muna nufin dai an biya, babu sauran bashi yanzu, sai mu ce I have paid. Kada a haɗa have da yesterday, ba su zama wuri guda.

Na uku, tambaya da musu. Ana cewa did you pay, ana cewa I did not pay. Did ya riga ya ɗauki lokacin, saboda haka pay ya tsaya yadda yake. Did you paid kuskure ne.

Kada mu raina wannan. Mutumin da ya biya bashinsa, in ya sa hannu a takardar da ta ce I will pay, ya yi alkawarin biya ke nan, ana iya sake binsa. A asibiti kuma, I took the medicine na nufin na sha magani, I take the medicine na nufin nakan sha kullum. Lalle likita yana bukatar sanin wanne ne kafin ya rubuta wani.

Kafin mu sake haɗuwa, kowa ya rubuta abu uku da ya yi jiya, ya fara da yesterday, ya kawo wa malamin aji ya duba. Da koyo akan iya. Allah ya ba mu sa'a, amin.