Ruwan Fadamar Haɗeja da Nguru: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya a Agege

 

An ce in yi magana a kan fadamar Haɗeja da Nguru. Na san wani zai ce, mu da muke Ikko, ina ruwanmu da tafkin da ke can Jigawa da Yobe? To, ɗan'uwa, ka leƙa kasuwar Mile 12 ka tambayi masu bandar kifi da masu tattasai inda kayansu suke fitowa, za ka ji sunan Haɗeja da Gashuwa da Nguru. Shanun da ake yankawa a Oko-Oba ma, akwai waɗanda a fadamar nan suka ci rani. Cinikinmu a ruwan nan yake kwance.

Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne suke malala tsakanin tudun yashi su yi wannan fadama, kafin su zama kogin Yobe, su nufi tafkin Chadi. A da, in damina ta yi nisa ruwa ya cika ko'ina, kifi ya yi ƙwai, a noma shinkafa. In ya janye a shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari, Fulani su kawo dabbobi. Wuri ɗaya, amfani uku ko huɗu a shekara.

Sai tsuntsaye. Ban da namu na gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe, akwai agwagin ruwa da suke tasowa daga Turai in sanyi ya kama can, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka nan su yi watanni. Bayan wannan doguwar tafiya, ruwan fadamar nan yana cikin masaukansu na farko. Saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na farko da Nijeriya ta shigar.

To me ya faru? An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ba na ƙin madatsa, Kano tana shan ruwa da ita, ana noman rani da ita. Amma ku lura da abin da ta sauya. Ruwan da ya saba zuwa da ƙarfi da damina, an riƙe shi. Da rani kuma, lokacin da ya kamata hanyoyin ruwa su bushe, ana sakin sa kaɗan-kaɗan. Irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Sai ta cika mashigai, laka ta taru a gindinta, hanya ta toshe. Ruwa ya karkata ɓangaren Marma zuwa Nguru ya kwanta a gonakin mutane, wasu garuruwa kuwa suna jiran sa bai iso ba. Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Kuma a cikinta jan-baki yake kwana, gari ya waye ya faɗa wa shinkafa da gero. Wato tsuntsun da ba ya ɓarna wurinsa ya ƙuntata, mai ɓarna ya sami gida.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: a riƙa sakin ruwa da yawa da damina yadda ya saba zuwa, a bar mashigai su bushe da rani, a yashe waɗanda suka toshe. Wannan aikin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ne da gwamnatocin jihohi, su kuwa sai sun ji ana magana. Haka nan batun madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, duk ranar da aka sake tayar da shi a tambayi na ƙasa da ita tukuna, don wannan kogin ne har yanzu yake kawo ambaliyarsa ba a tare ba.

Namu kuwa, mu masu saye, yana hannunmu. Kifin da aka kashe da guba, kada mu karɓa komai arharsa. Ƙananan da ba su isa kamu ba, mu ƙi su. In dillali ya ga Ikko ba ta saye, masunci zai sake raga.

Ina roƙon shugabanni abu biyu. A rubuta takarda da sunan ƙungiya zuwa ga wakilanmu na Jigawa da Yobe a majalisar tarayya kan sakin ruwa da yasar mashigai. Sannan ƙungiyar kare muhalli ta NCF, wadda tana cikin waɗanda suka fara aikin fadamar nan a 1987, hedkwatarta tana nan Lekki. A naɗa mutum uku, ciki har da mai kifi ɗaya, su je su gana da su kafin taronmu na gaba.