Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai: Daga Allo Zuwa Jami'a

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu maza da mata, da ɗaliban da aka taru dominsu, barkanmu da ganin wannan rana.

Yawancin yaran nan a gaban allo suka fara sanin kansu. Yaron da ya saba tashi da asuba, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa har ya haɗa izu sittin, ya riga ya gane kansa na ja. In ya shiga ajin lissafi ko kimiyya, da wannan sanin yake shiga.

Tarihin ƙasar nan shaida ne. An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1793, a gidan da karatun 'ya mace farilla ne. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba ta tsaya a kanta ba, ta kafa 'Yan Taru: ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa da matan karkara su ɗauki karatu su koma su koyar. Ta rasu a 1864, amma har yau ana raɗa wa makarantu sunanta.

Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, a gida ya fara da Alƙur'ani. Daga nan ya shiga boko, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya tafi Landan ƙaro ilimi a 1946. Ya dawo ya tsaya wa talaka a siyasa, kuma bai bar tafsiri ba.

Sai dai akwai abin baƙin ciki. Da sunan addinin Musulunci ake cire yarinya daga aji ana gab da jarrabawa, ake tura yaro gari da ƙoƙon bara. Yaron da ya taso a haka, burinsa ba ya wuce abincin dare.

Saboda haka roƙo ɗaya ne ga iyaye. Wadda ta ce likita take son zama, a bar ta ta kai, domin asibitocinmu na neman likitoci mata. Wanda ya ce injiniya, a tsaya masa har jami'a.

Allah ya yi wa karatunsu albarka, ya saka wa malamansu da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.